Daga Kwalin Mai Talla Zuwa Ɗakin Tiyata: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Game Da Maganin Zafi Da Allurar Barci

Duk wanda ya saba cin kasuwannin bakin iyaka, tun daga Gaya da Kamba, ya biyo ta Birnin Ƙonni da Illela, ya zarce Ɗan Isa da Jibiya har zuwa Maigatari, ya san mai tallar magani. Ga shi nan da tire ko kwali a ka, ko kuwa ya ɗaure akwati a bayan keke, kuma da wuya ya wuce rumfa uku ba a kira shi ba. Ɗan dako ya ce a haɗa masa na gajiya, direba ya ce a ba shi na ciwon baya, mai shago kuwa haƙori ne ya hana shi barci. A zuba ja da fari da kore a tafin hannu, a kora da ruwan leda, a koma bakin ciniki.

Abin mamaki, wannan bawan Allah da ke haɗiye ƙwayoyi huɗu ko biyar waɗanda ko sunansu bai sani ba, shi ne kuma ranar da likita ya ce sai an yi masa aiki za ka ga hankalinsa ya tashi. Mun san 'yan kasuwa da dama da ke yawo da gwaiwa shekara da shekaru, suna ɗaure ta da ƙyalle, don kawai an ce musu wanda aka yi wa allurar barci ba lalle ne ya farka ba, allurar baya kuwa gurgunta mutum take yi. Alhali ita gwaiwa idan hanji ya maƙale a cikinta jini ya daina isa gare shi, cikin 'yan sa'o'i hanjin zai fara mutuwa, sai aikin da za a yi cikin natsuwa ya koma na gaggawa da tsakar dare. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi waɗannan magunguna ɗaya bayan ɗaya, mu ga yadda kowannensu yake aiki, da kuma inda haɗarin gaskiya yake.

Hanyar da zafi ke bi

Zafi saƙo ne. Idan ƙusa ta soke ƙafa, akwai wasu siraran jijiyoyi, waɗanda ba su ne na jini ba, da ke ɗaukar labarin su kai shi laka, wato ɓargon nan da ke cikin ƙashin baya, daga nan kuma ya haura ƙwaƙwalwa. Sai labarin ya isa can sannan mutum yake cewa wayyo. Wasu jijiyoyin saurinsu ya kai mita 30 a daƙiƙa guda, wasu kuwa ba su wuce mita ɗaya ko biyu ba. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan fara jin zafi mai kaifi nan take, sai bayan ɗan lokaci zugi ya biyo baya.

Tunda kuwa saƙo ne mai bin hanya, ana iya tare shi a wurare daban-daban, kamar dai yadda ake kafa wa mota shinge tsakanin Maraɗi da Katsina. Wani maganin yana rage hayaniyar tun daga inda raunin yake, wani yana datse jijiyar a tsakiyar hanya, wani yana rage ƙarfin saƙon a laka da ƙwaƙwalwa, wani kuma ita ƙwaƙwalwar ce gaba ɗaya yake sa wa barci. Duk maganin zafin da ke duniya a ɗaya daga cikin waɗannan wurare yake tsayawa.

Farasitamol da dangin asfirin

Idan nama ya ji rauni yakan fitar da wani sinadari da masana ke kira furostagilandin, wanda ke kawo kumburi, ya kuma sa jijiyoyin wurin su ƙara jin zafi. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak duk aikinsu guda ne, wato hana jiki sarrafa wannan sinadari. Kamfanin Bayer na ƙasar Jamus ya fito da asfirin kasuwa tun 1899, amma sai a 1971 wani Baturen Ingila mai suna John Vane ya gano yadda yake aiki, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1982.

Sai dai kuma shi wannan sinadari da ake hanawa yana da wani amfani. Shi ne ke kare bangon ciki daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, shi ne kuma ke taimaka wa jini ya ratsa ƙoda. Saboda haka mutumin da ke shan dikulofenak safe da yamma wata da watanni, musamman a cikin zafin bazara ga shi ba ya shan isasshen ruwa, yana sayen gyambon ciki da ciwon ƙoda da kuɗinsa. Baƙin kashi mai kama da kwalta ko aman jini alama ce ta cewa ciki yana zubar da jini, ranar babu zancen jiran a tashi kasuwa. Mai ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, ba ta shan dangin nan sai da izinin likita, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Haɗa biyu daga cikin dangin, kamar yadda masu talla ke yi, ba ya ƙara sauƙi, illar ce kawai ke ninkuwa.

Shi kuwa farasitamol aikinsa ya fi ƙarfi a ƙwaƙwalwa da laka. Yana sauke zazzaɓi, yana rage zafi, ba ya cin ciki, amma ba ya sauke kumburi sosai. Iyakar babban mutum mai lafiya ita ce giram 4 a cikin sa'o'i 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, bibbiyu, tare da tazarar akalla sa'o'i 4 tsakanin sha da sha. Wanda ya zarce haka hantarsa ce ke biya, kuma mugun abin shi ne mutum yana iya yin kwana ɗaya ko biyu bai ji komai ba alhali hanta tana lalacewa. A lura kuma, yawancin magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu, sai a sha kashi biyu ba a sani ba.

Mofin da taramol

Idan zafi ya fi ƙarfin waɗannan, kamar na karaya ko ƙuna ko sankara ko bayan tiyata, sai a koma ga dangin mofin. Wani matashin mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Jamus, Friedrich Sertürner, shi ne ya tace mofin daga ƙaron ofiyom wajen 1805. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da nasa sinadaran rage zafi, da kuma wuraren da suke sauka a laka da ƙwaƙwalwa. To mofin da kodin da taramadol a waɗannan wurare suke sauka, su rage ƙarfin saƙon, su kuma sa mutum ya daina damuwa da ragowarsa. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na maganin zafin sankara, a fara da farasitamol da dangin asfirin, in ba su isa ba a ƙara irin su kodin, in zafin ya tsananta a ba da mofin.

Haɗarin wannan dangi a numfashi yake. Wurin da ke ba da umarnin shaƙar iska a ƙwaƙwalwa shi ma yana jin maganin, idan ya yi yawa numfashi ya riƙa raguwa har ya tsaya. A asibiti ana auna kashin daidai da nauyi da shekarun majinyaci, ana ƙirga numfashinsa, kuma akwai allurar naloksan da ke warware aikin mofin cikin mintoci. A rumfar kasuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Taramadol, wanda muka fi sani da taramol, kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya fito da shi a 1977. Ƙarfin da hukumar NAFDAC ta Najeriya ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa ta iyakokinmu akan same shi mai 120 ko 200 ko 225, ke nan ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun haye iyaka. Bayan tauye numfashi, taramol yana da wata illa tasa ta daban, ita ce jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda kan kama ɗan kabu-kabu yana bisa babur ɗauke da fasinja. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan magungunan wannan dangi ba bisa umarnin likita ba.

Har dabbobi ba su tsira ba. A 2013 wasu masu bincike suka ba da sanarwar sun sami taramadol a cikin saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta murna an gano itacen da ke yin maganin da kansa. A 2014 wasu masanan daga Jamus suka bi sawu, suka tarar ashe manoma ne ke sha suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki, fitsarinsu ya shiga ƙasa da ruwa, itacen ya zuƙa.

Hukumomi sun ɗan motsa. A 2018 Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, Indiya kuma ta sanya taramadol cikin jerin ƙwayoyin da ake sa wa ido. Sai masu fataucin suka sauya kaya, suka kawo irin su Tafrodol, wanda haɗi ne na tafentadol, da ya fi taramol ƙarfi, da wani maganin saki jiki. A watan Fabrairun 2025, bayan wani binciken BBC, Indiya ta hana yin wannan haɗi da fitar da shi. Abin takaici, yayin da ƙwayar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, mai sankara a asibiti yana neman mofin ido rufe. Wani kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci kashi 1 cikin 100 kawai suke samu na irin wannan magani.

Allurar da ke kashe wuri guda

Jijiya tana aika saƙo ne ta hanyar wasu ƙananan ƙofofi da ke jikinta, waɗanda sinadarin sodiyom, irin na cikin gishiri, ke shiga ta cikinsu. Allurar kashe wuri tana toshe ƙofofin nan na ɗan lokaci, saƙo ya tashi daga rauni ya rasa hanyar wucewa. A 1884 wani likitan ido a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Carl Koller, ya ɗiga ruwan hodar ibilis a idon kwaɗo, sannan a nasa idon, ya ga ana taɓawa ba ya ji. Daga baya aka sami waɗanda suka fi ta aminci, kamar lidoken da aka haɗa a ƙasar Suwidin a 1943, wanda da shi ake cire haƙori da ɗinke rauni da yin kaciya a asibitocinmu. Yana kamawa cikin 'yan mintoci, ya yi awa ɗaya ko biyu, kuma akan gauraya shi da adirenalin don ya daɗe, jini kuma ya rage zuba.

Akwai abubuwa biyu da kan rikita majinyaci. Na farko, jijiyoyin zafi sun fi saurin mutuwa a kan na taɓawa, don haka za ka ji ana ja ana dannawa amma babu zafi, wannan ba ya nufin allurar ba ta kama ba. In kuwa zafi ne mai kaifi ka ji, ka faɗa a ƙara. Na biyu, wurin da ya tara mugunya yana da tsami, maganin ba ya ratsa shi da kyau, shi ya sa wanda ya bar haƙori har kunci ya kumbura yakan fi shan wuya a kan wanda ya zo da wuri.

Allurar baya ita ma daga wannan dangi take. Likita August Bier ne ya fara yin ta a birnin Kil na Jamus a 1898, har shi da mataimakinsa suka gwada a junansu, suka kwana da ciwon kai. Ita laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba, a babban mutum tana ƙarewa ne a saman ƙugu, allurar kuwa a ƙasa da nan ake soka ta, cikin ruwan da jijiyoyin ƙafafu ke ciki. Cikin mintoci ƙafafu su yi ɗumi, su yi nauyi, mutum ya kasa ɗaga su. Bayan awa biyu zuwa huɗu motsi ya dawo. Abin da aka fi gani na illarta shi ne saukar ƙarfin jini, wanda ake tarewa da ƙarin ruwa da magani, sai kuma ciwon kai da kan kama wasu kaɗan, mai tsananta in an zauna, mai lafawa in an kwanta, kuma yakan wuce cikin kwanaki. Lalacewar jijiya ta dindindin aba ce da ba kasafai ake ganin ta ba. Da wannan allura ake yin yawancin aikin gwaiwa da na ciro jariri, uwa tana farke har ta ji kukan ɗanta na farko. Maigidan da ke jan ƙafa wajen sa hannu alhali matarsa tana naƙuda kwana biyu, ya sani jinkirin ya fi allurar haɗari nesa ba kusa ba.

Tsakanin gyangyaɗi da barci mai nauyi

Maganin kwantar da hankali ba maganin zafi ba ne. Diyazefam, wanda aka fito da shi a 1963 da sunan Valium, kuma matasa ke kira D5, da ɗan'uwansa midazolam, suna ƙarfafa wani sinadari ne na ƙwaƙwalwa mai aikin birki. Mutum ya natsu, ya yi gyangyaɗi, sau da yawa ma ya manta abin da aka yi masa. Shi ya sa akan haɗa su da allurar kashe wuri idan za a yi gyaran karaya ko a zura na'urar duba ciki. Abin hawa-hawa ne, daga wanda ke amsa magana, zuwa wanda sai an girgiza shi, zuwa wanda ko an yanka ba ya ji. Babu katanga tsakanin matakan nan, ƙari kaɗan yana iya tsallakar da mutum daga wannan zuwa wancan, kuma haɗa diyazefam da taramol ko barasa hanya ce ta tsayar da numfashi.

Cikakken barcin tiyata an fara nuna shi a bainar jama'a ranar 16 ga Oktoba, 1846, a birnin Boston na Amurka, inda wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa majinyaci tururin ita aka cire masa ƙari a wuya. Kafin nan ƙarti ne ke danne mutum a yanka shi yana ihu. Yau akan fara da allurar furofofol, fara kamar madara, mai sa barci cikin ƙasa da minti guda, a ci gaba da iskar barci, a zura bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi wa mutum numfashi. Wannan furofofol ɗin ne ya yi ajalin mawaƙin nan na Amurka Michael Jackson a 2009, domin a ɗakin kwanansa aka yi masa ita, babu kayan sa ido irin na asibiti. Ke nan amincin magani yana tare da mai tsaronsa.

A asibitocin karkara kuwa ketamin ne abin dogaro, saboda ba ya cika tauye numfashi ko sauke jini, kuma ana iya yin sa a tsoka. Sai dai mai farkawa daga gare shi yakan yi mafarkai da sambatu, har dangi su ce iskoki ne. Ba iskoki ba ne, maganin ne ke fita, a bar shi a wuri mai shiru zai dawo hayyacinsa. Ɗan abin nan kuma da ake maƙala wa yatsa yana ƙara, shi ke auna iskar oksijin a jini, kuma takardar binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta ce a tabbatar yana jikin majinyaci yana aiki kafin a sa shi barci.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Ba mu ce babu haɗari ko kaɗan ba, amma kaso mai yawa na haɗarin yana hannun majinyaci. Mai ba da allurar barci zai yi tambayoyi, a gaya masa gaskiya. Wanda ya saba da taramol ko kodin ko D5 ko barasa, jikinsa ya riga ya ƙeƙashe, kashin da ke isar wani ba zai ishe shi ba, kuma yankewar ƙwayar farat ɗaya bayan aiki tana kawo zufa da rawar jiki da tashin hankali. Likita ba ɗan sanda ba ne, so yake ya san abin da zai auna. Haka nan a ambaci hawan jini, ciwon sukari, asma, sikila, farfaɗiya, juna biyu, asfirin da ke tsinka jini, jiƙe-jiƙen gargajiya, haƙori mai girgiɗi ko na Makka, da kuma ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da allurar barci.

Sai maganar azumi. Mai barcin tiyata ba ya iya tari, idan abin da ke ciki ya taso sai ya gangara huhu, wannan kuwa yana kisa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce sa'o'i 6 babu abinci, sa'o'i 2 babu ko farin ruwa, nama da maiƙo kuma sa'o'i 8, amma abin da asibitin ya faɗa shi za a bi. Fura da koko da nono da shayi mai madara duk abinci ne, goro ma haka. 'Yar'uwar da ta saci jiki ta ba majinyaci kunu don tausayi, ta gaya wa ma'aikata, gara a ɗaga aikin da a yi da-na-sani.

Bayan an farka, sai an cika sa'o'i 24 kafin a tuƙa mota ko babur, kuma a samu wanda zai raka mutum gida. A wannan yini kada a ƙulla ciniki, kada a sa hannu a takardar bashi, kada a zauna lissafi da dillali, domin mutum yana ganin ya warware alhali kansa bai gama dawowa ba.

Mu 'yan kasuwa ba ma sayen buhun da ba mu soka mun ga ƙwayarsa ba, ba ma karɓar kuɗi sai mun ƙirga. Ya kamata abin da za mu haɗiya ma mu san sunansa da ƙarfinsa da iyakarsa, mu saye shi a farmasi, ciwon da ya wuce kwana uku yana dawowa kuma mu kai shi asibiti a nemo tushensa. Mai gwaiwa ya zaɓi ranarsa da kansa tun yana tafiya da ƙafafunsa, ya bar wa yaro shago na 'yan makonni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a kasuwancinmu, amin.